Ganuwa, Bariki da Bakin Ruwa: Tarihin Tsarin Gari da Zaman Tare a Birnin Kebbi da Argungu

Birnin Kebbi da Argungu garuruwa biyu ne da ke bakin fadama ɗaya, inda gulbin Rima yake shimfiɗa ruwansa kafin ya gangara kudu ya faɗa kogin Kwara. Tafiyar da ke tsakaninsu kimanin kilomita hamsin ce. Harshe ɗaya ake ciniki da shi a kasuwanninsu, shinkafa da kifi ne arzikinsu su duka, amma mafi yawan ƙarni na 19 sun yi shi ne suna kallon juna ta saman ganuwa. Tarihin gininsu da yadda aka yanka shiyoyinsu tarihi ne na wanda aka shigar ciki da wanda aka bari a waje. Launin fata ya zama ma'aunin raba mazauni a wannan kwari a zamanin Turawa kawai. Kafin zuwansu da bayan tafiyarsu, asali ne ma'auni: Bakabe ko Bafulatani, ɗa ko bawa, ɗan gari ko baƙo, masunci ko makiyayi.

Mafarin labarin shi ne Surame. A wajajen 1516 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, bayan sun saɓa a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya kafa daular Kabi. Ya gina manyan garuruwa uku, Surame da Gungu da Leka, ya mai da Surame gidan sarauta. Kufan birnin yana nan a cikin jihar Sakkwato ta yau, kuma abin da ya bambanta shi da yawancin biranen ƙasar Hausa shi ne an haɗa dutse da ƙasa wajen ɗaga ganuwarsa, zagaye bayan zagaye. Gwamnatin Nijeriya ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Labarin baka da Kabawa suka riƙe ya ce Kanta ya kasa aikin ganuwar tsakanin ƙasashen da ke biyan sa haraji, kowace ƙasa da nata yanki. Da Nufawa suka makara, sai ya hana su ruwa, ya ce da man kaɗanya za su kwaɓa ƙasarsu. Haka kuma ana ba da labarin wahalar da ya sa Asbinawa ta ɗauko ruwa daga nesa. Ko da an rage abin da baki ya ƙara, labarin ya adana gaskiya guda: hannayen al'ummu da yawa ne suka ɗaga ganuwar, kuma yawancinsu ba da son ransu suka zo ba, ba kuma su ne aka gina ta don a tsare ba.

A farkon ƙarni na 18 rikicin cikin gida ya sa aka bar Surame. Sarkin Kabi Tomo ya koma kudu maso yamma, ya kafa sabon gidan sarauta a kan tudun da ke duban fadama, wanda aka kira Birnin Kabi, sunan da rubutun Turawa ya mayar Birnin Kebbi. Garin ya bi tsarin da aka sani a biranen Hausa. Fada a tsakiya, dandali a gabanta, masallacin Juma'a a kusa, gidajen 'yan sarki da masu sarauta a kewaye, sannan shiyoyin masu sana'a da na baƙi suna bazuwa har zuwa ƙofofi. Shiya ita ce kalmar da mutanen yammacin ƙasar Hausa suke kiran unguwa da ita, kuma har yau sunaye irin su Shiyar Fada da Maƙerar Gandu da Ƙofar Kola suna tuna wa mazauna garin inda mulki yake, inda ƙira take, da hanyar da ake fita.

Wannan tsari yana da fuska biyu, kuma adalci ne a faɗi dukansu. Nisan gidan mutum daga ƙofar fada shi ne awon darajarsa. Masu sana'o'in da ake ƙyamar warinsu ko hayaƙinsu, kamar majema da mahauta, sukan sami kansu a gefe. Bayi kuwa ko dai suna bayan gidan ubangijinsu, ko suna can rinji suna noman gandu. A ɗaya fuskar, ganuwar birnin Hausa takan kewaye fili mai faɗi har da gonaki da rijiyoyi, domin in yaƙi ya taso mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu su fake. Gyaranta bayan kaka aiki ne na kowa. Baƙo ba a korar sa: a kai shi wurin mai shiya, a nuna masa fili, in 'yan'uwansa sun biyo shi wurin ya ɗauki sunan garinsu. Tungar Zazzagawa da ke ƙasar Argungu shaida ce ta wannan al'ada, domin sunan kaɗai ya faɗi daga ina mutanen suka fito. Kabawa da Zabarmawa da Arawa da Dandawa da Kyangawa da Fulani da Sarkawa masu kamun kifi duk sun zauna a wannan kwari, kuma fatake masu kai kaya Gwanja su ɗauko goro suna ratsa shi, musamman bayan da kasuwar Jega ta bunƙasa.

Shi kansa gidan Bahaushe an tsara shi ne a kan wannan daidaito tsakanin karɓar baƙo da tsare iyali. Zaure na kowa ne. A nan maigida yake cin tuwo da maƙwabta, a nan malami yake ba da karatu, a nan matafiyi yake kwana ba tare da an tambaye shi ƙabilarsa ba. Daga shigifa zuwa ciki kuwa sai muharrami. Kayan ginin ma ɗaya ne ga sarki da talaka: tubalin ƙasa, azarar giginya, makuba don ƙarfafa yaɓe, indararo don zubar da ruwan sama. Bambancin yana wurin yawa da tsawo da ado. Mai hali ya ɗaga soro da zanko, marar hali ya yi ɗaki da jinka ya kewaye da darni. Amma magini ɗaya ne yake yi musu aiki, kuma kududdufi ɗaya suke ɗibar ƙasa.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauya taswirar kwarin gaba ɗaya. A 1805 rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo suka jagoranta ta ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, aka naɗa Usman Masa a madadinsa, shi ma bai daɗe ba ya juya baya. A cikin shekarar aka gwabza a Alwasa, inda jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawa kafin su tsaya da ƙafarsu a Gwandu. Daga nan birnin Tomo ya fita daga hannun zuriyar Kanta, ya koma ƙarƙashin Gwandu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ta wurin a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, ya tarar da tsohon birnin ya zama kufai, mutane sun tattaru a ƙaramin gari.

Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun nemi wani wurin tsayawa. A wajajen 1827 Sarkin Kabi Sama'ila Karari ya zauna a Argungu, garin da labarin baka yake cewa sunansa ya fito ne daga kiran da mutane suka yi wa juna su taru su yi gungu. An ci Argungu, aka kashe Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya yi shekaru da yawa. A 1849 Nabame ya dawo ya ɗaga tutar Kabi, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. Daga wannan shekara har zuwan Turawa, Argungu ta zama birnin yaƙi, kuma gininta ya nuna haka: ganuwa da gwalalo ta gefen tudu, fadama da ruwa ta ɗaya gefen. A nasu ɓangaren, Sakkwato da Gwandu sun bi tsarin ribaɗi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa, wato kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka a zaunar da mayaƙa da malamai da Fulani makiyaya. Silame tana cikin irin waɗannan, kuma sarakunan Gwandu da kansu sun riƙa zama a Ambursa a rabi na biyu na ƙarnin don su fuskanci Kabawa. An sami hutu na 'yan shekaru, wanda tarihi ya riƙe da sunan Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga wajajen 1867, ya kuma warware wajajen 1875. Bayansa aka koma gidan jiya, musamman a zamanin Sarki Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, da ya hau a 1883.

Abin lura a nan shi ne, ribaɗi da birnin gudun hijira duka sun haɗa mutanen da a da ba su zauna tare ba. A cikin ribaɗi makiyayi ya koyi zaman soro da noma, ya auri Bahaushiya, jikokinsa suka tashi da Hausa a baki. A cikin Argungu Bakabe da Bazabarme da Ba'are suka tsare ƙofa ɗaya. Sai dai haɗuwar ta kowane gefe an yi ta ne don a fuskanci ɗaya gefen, kuma wahalarta ta faɗa a kan ƙauyukan da ke tsakani, waɗanda ake ƙonewa a kwashe mutanensu.

Turawan Ingila sun shiga Argungu a 1902 ba tare da faɗa ba, domin Sarki Sama ya karɓe su, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ganuwa ta rasa aikinta cikin 'yan shekaru, ta fara zubewa, mutane suna ɗibar ƙasarta suna gini. Amma sababbin layuka sun maye gurbinta. Na farko shi ne iyakar da Ingila da Faransa suka ja a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, wadda ta yanke yawancin ƙasar Arawa da Zabarma da Dandi ta bar su a hannun Faransa, har Dogon Dutsi da Dosso suka zama wata ƙasa daban. Na biyu shi ne komawar sarautar Gwandu Birnin Kebbi. Bayan tawayen Satiru a 1906 Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, suka naɗa Haliru, garin ya zama mazaunin masarauta. Ta haka birnin da Sarkin Kabi ya kafa ya zama fadar zuriyar Abdullahi ɗan Fodiyo, zuriyar Kanta kuma suka tabbata a Argungu. Garuruwan biyu suka zama hedikwatar gundumomi biyu a cikin Lardin Sakkwato, kowanne da Di'o da En'e.

Layi na uku shi ne na launin fata, kuma wannan an rubuta shi cikin doka. Tun daga dokar barikoki ta 1904 har zuwa dokar garuruwa ta 1917 da Gwamna Lugga ya kafa, ƙa'idar ita ce Bature ya zauna a keɓe. Ana barin fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, ba a yarda a yi gini a cikinsa ba. Hujjar da aka bayar ita ce lafiya. Bayan da Ronald Ross ya gano a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ce yaran 'yan ƙasa ne rumbun cutar, don haka a nisanta Bature da su fiye da tafiyar sauro. Hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin kuku da boyi da mai gadi suna kwana a ɗakunan bayan gidan Baturen. Abin da tsarin ya haifar shi ne an zuba kuɗin hanya da magudanar ruwa da dashen itatuwa a inda mutane suka fi ƙaranci, aka bar cikin gari da lungunansa. A duk inda Di'o ya sauka a Arewa, har da Birnin Kebbi da Argungu, bariki yakan kasance a kan tudu mai iska, nesa da hayaniyar kasuwa, da gidaje masu baranda a tsakiyar fili mai faɗi. Gidan bariki kishiyar gidan Hausa ne: shi yana kallon waje ta tagogi, filinsa na kewaye da shi, alhali gidan Hausa filinsa yana ciki. Kuma ba shi da zaure.

Turawa ba su tsaya kan raba kansu da baƙar fata ba, sun raba 'yan ƙasa su ma. A Zariya da Kano aka kafa Sabon Gari tun kafin yaƙin duniya na farko don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, aka kuma ware Tudun Wada don 'yan Arewa da ba 'yan birni ba. Wannan ya rushe tsohuwar al'adar da baƙo yake shiga cikin gari ya narke a hankali, ya mayar da baƙunta abin gado. A kwarin Rima abin bai yi tsanani kamar na Kano ba, kuma babban dalili shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya nufo wannan yanki ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai taɓa isowa Birnin Kebbi ko Argungu ba, don haka baƙin da suka zo daga Kudu ba su kai yawan na garuruwan tasha ba. Duk da haka sunayen zamanin sun iso. Akwai Tudun Wada a garuruwan biyu, akwai Nasarawa a Birnin Kebbi, sunayen da ake raɗa wa sababbin shimfiɗu masu miƙaƙƙun layuka da aka yanka a wajen tsohon gari.

Akwai kuma waɗanda taswira ba ta nuna su ba. Sanarwar da Turawa suka yi kan bauta a 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, amma sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a Arewa. 'Yantattun bayi da yawa sun ci gaba da zama a rinjin da suka tashi, suna noma ƙasar da ba a rubuta da sunansu ba. Doka ta kwance igiya, amma ba ta raba fili ba, kuma babu wani shiri da aka yi na ba su matsuguni a cikin gari.

A cikin wannan yanayi ne aka yi abin da ya fi kowane gini tasiri wajen daidaita zaman mutanen kwarin. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da wani Sarkin Musulmi bai taɓa yi cikin lumana ba. Sarkin Kabi Muhammadu Sama da majalisarsa suka shirya masa tarba da abin da Kabawa suka fi kowa iyawa, wato su. Kamun kifi na taro tsohon abu ne a wurinsu, yana da al'adunsa kamar gyaran ruwa da fashin ruwa, yana da masu riƙe da shi irin su Sarkin Ruwa. Sabon abu shi ne an ɗauki wannan al'ada an mai da ita dandalin sulhu, an kuma yi ta a bakin ruwan Matan Fada. Zaɓen wurin yana da ma'ana. A cikin fada, dole wani ya zama mai gida wani ya zama mai neman iso, kuma kowane zaure yana tuna wa mai shiga matsayinsa. Bakin gulbi ba shi da ƙofa. Dubban mutane suna iya tsayawa a gaɓa ɗaya, kuma da zarar an ba da alama masunta sun ruga da homa da gora sun faɗa ruwa, babu mai tambayar tsagen fuskar wani. Wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi shi ne gwani.

Bikin ya ɗore, ya kuma ja gine-gine zuwa gare shi. A 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon da Shugaban Nijar Diori Hamani suka halarta tare, wato shugabannin ƙasashen biyu da iyakar Turawa ta raba tsohuwar ƙasar Kabi a tsakaninsu. Daga baya gwamnati ta gina rumfunan kallo da masaukin baƙi da filayen kokawa da dambe da baje kolin amfanin gona, aka ƙara da wasannin ruwa da ake kira kabanci. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma an dawo da shi a 2020 bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba. Gine-ginen da aka ƙara sun zo da nasu rabon: manyan baƙi a inuwa bisa kujeru, talakawa a rana bayan shinge. Wannan koma baya ne daga ruhin 1934, kuma abu ne da mai zana fili zai iya gyarawa da ƙarin inuwa da matakala a gaɓar da jama'a suke tsayawa.

Misali na biyu yana cikin garin Argungu. Tsohon gidan sarauta, ginin ƙasa da ake dangantawa da Yakubu Nabame, ya daina zama fada a 1942 lokacin da sarki ya koma sabon gida. Maimakon a rushe shi ko a kulle, a 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi mai sunan Kanta. A ciki akwai makaman yaƙi da tambura da kayan su da na noma, akwai kuma kaburburan sarakuna. Gidan da a da talaka ba ya wuce zaurensa na farko sai da iso, yanzu ɗan makaranta daga kowane gari yana ratsa shi ɗaki bayan ɗaki. Jikan wanda aka yaƙa da jikan wanda ya yi yaƙin suna duban takobi ɗaya.

Bayan samun mulkin kai a 1960 unguwar Turawa ba ta ɓace ba. Manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaje ta da sunan GRA, aka cire sharaɗin launi aka bar na muƙami. Babban sauyi ya zo ne ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke jihar Kebbi daga jihar Sakkwato, ta haɗa masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, ta sa hedikwata a Birnin Kebbi. Sunan jihar na daular Kanta ne, hedikwatarta kuma mazaunin Sarkin Gwandu ce, don haka kowane ɓangare na tsohuwar gaba ya ga kansa a cikin sabon abin. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, garin ba shi da gidajen da za su ɗauke su. Aka buɗe sababbin shimfiɗu irin su Gesse, aka gina sakatariya a Gwadangaji, unguwanni kamar Badariya da Bayan Kara da Rafin Atiku suka cika suka tumbatsa. Ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum dubu 260 a ƙaramar hukumar Birnin Kebbi, kusan dubu 200 kuma a ta Argungu. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, asibitin tunawa da Sir Yahaya, filin jirgin sama na Ambursa, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, duk sun ƙara jawo mutane daga nesa.

Rukunin gidajen gwamnati sun yi wani aiki da ba a cika yaba musu ba. Da yake matakin albashi ake dubawa wajen rabo, Badakkare daga Zuru da Bakambare daga Yawuri da Bakabe da Bafulatani da Bayarabe sun zama maƙwabta, Musulmi da Kirista suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya, 'ya'yansu suna tafiya makaranta tare. Irin wannan cakuɗa ce ƙasar Singafo ta mayar doka a 1989, inda ta ƙayyade kason kowace al'umma a gidajen gwamnati don kada wata unguwa ta zama ta ƙabila ɗaya. A Afirka ta Kudu kuwa dokar 1950 da ta raba unguwanni bisa launi sai a 1991 aka soke ta, a Amurka an haramta wariya wajen sayar da gida da ba da haya a 1968, kuma a ƙasashen biyu unguwannin da aka ware tun farko su ne har yau suka fi ƙarancin hanya da asibiti da darajar gida. Abin da ya faru can ya nuna cewa soke doka ba ya ɗauke kwalta daga inda aka shimfiɗa ta ya kai inda aka hana.

Haka lamarin yake a kwarin Rima, sai dai da nasa kamanni. Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali a sashe na 42, ya kuma ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida a ko'ina a sashe na 43. Babu shiyar da doka ta hana wani zama. Rabon da ya rage yana bin kuɗi da takarda da tudu. Tsofaffin shiyoyi suna da cunkoso, lungunansu ba sa ɗaukar motar kashe gobara, gidajen gado ne da aka rarraba har ɗaki ya zama rabon mutum, kuma kaɗan ne suke da takardar mallaka da banki zai karɓa. Sababbin shimfiɗu suna cin gonakin ƙauyukan da ke kewaye, kuma diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da gini, ban da ƙasar kanta. Burtali da mashaya, waɗanda dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta nemi karewa, sukan ɓace a ƙarƙashin fulotai, sai makiyayi ya wayi gari hanyar da kakansa ya bi zuwa fadama ta zama katanga. Masunta da manoman shinkafa kuwa, waɗanda sana'arsu ce ta ba kwarin suna, su ne ke zaune a ƙasa-ƙasa inda ruwa yake fara isa. Ambaliyar 2010 da ta 2020 sun cinye gidaje da gonaki a wannan fadama, kuma gidan ƙasa da ke bakin ruwa shi ne farkon faɗuwa. Masana'antun sarrafa shinkafa da aka kafa a garuruwan biyu sun ƙara wa filin bakin hanya daraja, abin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake ƙara matsawa baya.

Kayan aikin gyara ba ɓoyayyu ba ne, kuma yawancinsu tarihin wurin ya riga ya gwada su: fili a buɗe da kowa zai shiga ba da iso ba, kamar dandali da filin Idi da bakin Matan Fada, rabon fulotai da ya haɗa manya da ƙanana a shimfiɗa ɗaya, magudanar ruwa da famfo a tsohon gari kafin a ƙawata sabo, sanya burtali a cikin taswira tun kafin a kafa turaku, da keɓe tudu ga mutanen fadama kusa da sana'arsu. Ikon yin haka yana wuri sananne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha a matsayin amana ga dukan jama'a, ta bar na karkara ga ƙananan hukumomi, dokar tsara birane ta 1992 kuma ta wajabta a saurari jama'a kafin a amince da taswirar gari. A Birnin Kebbi da Argungu, alƙalamin da a da yake hannun Kanta, sannan mai ribaɗi, sannan Di'o, yanzu yana hannun gwamna da hukumar raya birane ta jihar, kuma sashe na 315 na tsarin mulki ya kulle dokar 1978 a cikinsa, ba a iya taɓa ta sai an gyara tsarin mulkin kansa.